Yadda ake kai iyali bakin teku a Ada Foah, inda kogin Volta ya faɗa teku

Jama'a salamu alaikum. Tun da na saka hoton yarana suna haƙa rami a yashi mutane ke ta tambayata wai ina ne nan, ya ake zuwa, me ake ɗauka, yaran basu ji tsoron ruwa ba, toh gara in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta. Wurin sunansa Ada Foah, a gabashin Accra yake, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai, nan ne kogin Volta da ya taso tun daga Burkina Faso yake ƙarasa tafiyarsa ya shiga tekun Atlantika. Ni a Ashaiman nake zaune, kuma na kai iyalina wurin nan ya fi sau goma, wani zuwan mu wuni mu dawo, wani zuwan mu kwana. Abin da ya sa na fi son shi a kan bakin tekun cikin Accra shi ne babu kiɗan nan mai fasa kunne in ka zaɓi ranar da ta dace, kuma akwai wani dogon tudun yashi siriri da zaka tsaya a kai, hagu kogi dama teku. Amma fa wannan kyan nasa shi ne haɗarinsa, ruwa biyu ne masu hali daban, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake juyawa.

KAYAN DA ZAKA HAƊA TUN DARE

Kar ka bari sai da safe, da safe neman takalmin yaro kaɗai zai cinye maka rabin awa.

Ruwan sha, jakar fiya wata ɗaya ga mutum biyar in wuni ne, biyu in kwana ne. Ka saka rabi a firiza tun dare ya daskare, shi zai zame maka ƙanƙara a cikin kula. In baka da kula, bokiti mai murfi ka shimfiɗa tsohon tawul a ciki ya wadatar.

Tabarma babba, ta roba ta fi, ana kakkaɓe ta yashi ya zube. Darduma daban. Buta.

Kayan sawa kala biyu ga kowa, na shiga ruwa da na dawowa, da leda babba ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Silifas ga kowa har jariri mai tafiya, yashin nan da azahar yana ƙona tafin ƙafa kamar kaskon masa.

Hula ko malafa, lema, da man shafawa mai kare zafin rana. Kar ka ce mu baƙaƙe rana bata ƙona mu, ɗana na biyu sai da fatar kafaɗarsa ta saɓule a zuwanmu na farko.

Maganin sauro na shafawa, da gidan sauro in zaku kwana. Farasitamol na manya da na yara, filasta, auduga, da ƙunshin ORS, garin gishiri da sukari na masu gudawa, biyu ko uku.

Laif jaket na yara, wato rigar nan mai hana nutsewa. Masu kwale-kwale da yawa suna da ita amma ta manya ce, in ka saka wa ɗan shekara huɗu zai zame ta ƙasa ya fita. Saya naka, sau ɗaya ne, ƙannensa ma zasu gada. In ka rasa, toh yaron da bashi da riga daidai jikinsa ya zauna a tsakiyar jirgi jikin babba, kuma kar ya wuce ruwan gwiwa.

Kuɗi a hannu, ƙananan sidi. MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na aiki a gari, amma a kan yashi netwok na zuwa yana tafiya, kuma mai kwakwa bashi da canjin babbar takarda. Pawa bank, tocila, da leda mai zif ta saka waya.

Igiya mai tsawo da jarka fanko mai murfi. Zan faɗi amfaninsu a gaba, kar ka yi dariya.

MATAKI NA 1: ZAƁEN RANA

In natsuwa kake nema, Litinin zuwa Alhamis. Asabar da Lahadi mutanen Accra da Tema na cika wurin, da kiɗa da kwalabe, ba yanayin da zaka so ka zauna da matarka da 'ya'yanka mata ba ne. Haka lokacin Ista, Kirsimeti, sabuwar shekara da 6 ga Maris ranar 'yancin Ghana. Sai kuma makon farko na Agusta, lokacin bikin Asafotufiami na mutanen Ada, bikin tunawa da mayaƙansu ne, ana harba bindigogin gargajiya, gari ya cika maƙil, ɗaki ya yi wuya. Abin kallo ne in shi ka je gani, amma ba makon hutun yara ba ne.

Game da watanni kuma, daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, sama a bushe, hanya lafiya. Afrilu zuwa Yuni damina ce babba a kudancin Ghana, hadari kan taso da iska a kan kogi babu sallama. Yuli zuwa Satumba teku ya fi fushi kuma ruwan da sanyi. Satumba da Oktoba ka saurari labarai kafin ka tashi, don a 2023 da aka saki ruwan madatsar Akosombo garuruwan ƙasan Volta irin su Mepe da Sogakope sun sha ambaliya har abin ya taɓa tsibiran Ada. In ka ji ana maganar sakin ruwa, ɗage tafiyar kawai.

Sai abu mafi muhimmanci, cikar teku da janyewarsa. Teku na cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa kusan awa 6, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Wato in yau ya cika ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura. Mu da muke lissafin watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi, a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15 cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi ƙarfi. Ka duba jadawalin a intanet, ka nemi na Tema, ya yi kusa da na Ada sosai. In baka iya ba ka tambayi kowane masunci in ka isa, su a kansu yake. Abin da kake so shi ne wasan ruwan yara ya faɗo lokacin da ruwa ke shigowa ko ya cika ya tsaya, ba lokacin da yake fita ba.

MATAKI NA 2: HANYA

Ku tashi bayan sallar asuba. Daga Accra ka bi titin Tema, ka kama babbar hanyar Aflao, ka wuce Dawhenya, Tsopoli, Dawa, Sege, har Kasseh. Dawhenya ce matsalar, in ka makara go-sulo zai riƙe ka har yara su fara kukan yunwa kafin ku ga ruwa. A Kasseh zaka bar babban titi ka karya dama, kusan kilomita 20 ne, ka wuce Big Ada ka shiga Ada Foah. In hanya ta yi kyau awa biyu ne daga Accra, ka dai ware uku.

In babu mota, trotro, wato ƙananan bas na haya, na tashi daga Tudu a Accra, akwai kuma a Ashaiman da Tema. In baka samu mai zuwa Ada Foah kai tsaye ba, hau ta Sogakope ko Aflao ka sauka Kasseh ka shiga tasi. Ku biya wa yara kujera, ɗora biyu a cinya na awa biyu ba ƙaramin aiki ba ne. 'Yan uwa masu zuwa daga Najeriya ta hanyar Legas, Kwatano, Lome, in kun shigo ta Aflao kuka haye gadar Sogakope, Kasseh na gabanku tun kafin Accra, ba sai kun shiga birni kun dawo ba.

A Kasseh ko Sege ka tsaya ka sayi kankana, yankin ya shahara da ita, da burodi da duk abin da ka manta. Ka sha mai a nan. Kowa ya kewaya a nan.

Wannan gefen hanya da kake gani fili fetal mai fari-fari wajen Sege, tafkin Songor ne inda ake ɗiban gishiri. Ina son nuna wa yarana shi don gishirin Ada ɗin nan a da can a kwale-kwale ake haurawa da shi ta Volta har Kete Krachi, daga nan a ƙarasa da shi Salaga ta ƙasa, inda fataken Hausa ke zuwa sayen goro. Kaga ashe kakanninmu sun ci gishirin wurin nan tun basu ga tekunsa ba.

MATAKI NA 3: CINIKI DA MAI KWALE-KWALE

Wurare masu kyau na kan tudun yashin, wajen ƙauyen masunta na Azizanya da gaba, yawanci ta ruwa ake isa. Da ka sauka samari zasu yanyame ka kowa na cewa jirginsa ya fi. Kar ka yi sauri, kar kuma ka yi faɗa, ka gaishe su da kyau, mutanen Ada yarensu Dangme ne amma Turanci da Twi na aiki, wani lokaci ka ci karo da mai jin Hausa.

Kafin ka sa ƙafa a jirgi ku gama magana a kan abu huɗu. Kuɗin nan na kai wa ne kaɗai ko har da dawowa. Na jirgi ne gaba ɗaya ko kowane kai. Ƙarfe nawa zai dawo ɗaukarku. Kuma akwai laif jaket ga kowa, a nuna maka da ido. Ka biya rabi, rabi sai ya dawo da ku, ka karɓi lambarsa ka kira a gabansa ka ji ta yi ƙara. Ni na taɓa biyan wani duka saboda ya yi min fara'a, yace ƙarfe huɗu yana nan, wallahi har magariba ta kusa muna tsaye a bakin ruwa da jariri, waya a kashe, sai wani masunci ne ya tausaya ya tsallakar da mu na sake biyan wani kuɗin. Tun daga ranar rabi nake bayarwa ko da mutum ya rantse da kabarin kakansa.

Ka leƙa cikin jirgin. In ruwa ya taru a ƙasa ana ta kwarfewa, ko ana son a cusa ku da wasu mutum goma da buhuna, ka haƙura ka jira wani. A cikin jirgi kowa ya zauna, babu tashi ɗaukar hoto, babu yaro ya leƙa yana taɓa ruwa. Kuma in matuƙi yace bari ya kai ku daidai inda kogi ya haɗu da teku ku gani, da yara a ciki ka ce a'a. Daga kan yashi ma ana gani sarai.

In maiɗakinka na tsoron jirgi, kuma wasu matan namu da gaske suke ba shagwaɓa ba, akwai wuraren hutawa a bakin kogi cikin Ada Foah da mota ke isa har ƙofa, ana biyan kuɗin shiga a zauna. Ba zaku samu shirun can ba amma ya fi a tilasta mata ta wuni cikin fargabar dawowa.

MATAKI NA 4: INDA ZAKU SHIMFIƊA TABARMA

A gefen kogi, ba gefen teku ba. Kuma ku yi nisa da bakin mahaɗar, tafiyar minti goma a ƙafa ko fiye. Ka duba yashi zaka ga layin da ruwa ya bari na ciyayi da bawo da robobi, nan ne iyakar cikar da ta wuce, toh ka shimfiɗa sama da shi sosai. Mun taɓa barin takalma ƙasa da layin nan muka tafi yawo, muka dawo silifas uku sun tafi Togo.

Inuwar kwakwa akwai daɗi amma ɗaga kai ka duba, in akwai 'ya'ya a sama matsa gefe. Kwakwa in ta faɗo daga wannan tsawon a kan yaro ba magana ce mai daɗi ba. Rumfunan ciyawa da ake haya sun fi. In wurin na wani ne ka tambayi kuɗin zama tun farko da ko an yarda ka shigo da abincinka, wasu basa yarda.

MATAKI NA 5: SHIGA RUWA

Nan zan daɗe, ku yi haƙuri.

Gefen kogi a kwance yake kamar tafki, shi ya sa ake kawo yara. Amma kafin kowa ya shiga, kai babba ka fara shiga da sanda kana dubawa, don ƙasan ba shimfiɗe take ba, zaka yi taku biyar ruwa na gwiwa, na shida ka ji babu ƙasa. Inda ka ga ya fara zurfi ka kafa sandar, ka ce wa yara nan ne iyaka, wanda ya wuce ya fito kenan. Ƙananan yara ruwan gwiwa, manyansu ruwan ƙugu, ko da sun iya iyo a kududdufin unguwa.

Lokacin da teku ke janyewa, ruwan kogi da ruwan da teku ya turo ciki duk suna rububin fita ta ƙofa ɗaya, sai ja ya yi ƙarfi ƙwarai alhali saman ruwan lumui kamar babu komai. Gwaji mai sauƙi, jefa ɓawon kwakwa ko kara ka kalla. In ya tsaya yana lilo ko yana tafiya a hankali zuwa cikin gari, bismillah. In ya kama hanyar teku da saurin mai tafiya a ƙafa, kowa ya fito a koma ginin gidan yashi sai ruwa ya juyo. Ina maimaita gwajin nan duk bayan rabin awa, yarana har sun mayar da shi wasa, su ke tuna min.

Gefen teku kuwa ni dokata ɗaya ce, na kallo ne da jiƙa ƙafa. Gaɓar nan a tsaye take, igiyar ruwa na dukan yashi da ƙarfi ta koma da ƙarfi, tana kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarka ka faɗi zaune, ta biyu ta zo ta ja ka. Tekun nan ya cinye gidaje a Ada, har tsohuwar ganuwar da Turawan Denmark suka gina a 1783, Fort Kongenstein, kusan duk ta tafi cikin ruwa, sai da gwamnati ta jibge manyan duwatsu a gaɓar don tare shi. Abin da ya ci ganuwa ba zai ji nauyin ɗan shekara bakwai ba. In zaku jiƙa ƙafa, hannun yaro a cikin naka, fuska na kallon teku, kar a juya masa baya don hoto. Kar a hau duwatsun nan, santsi gare su kuma ja ya fi ƙarfi a gefensu. Kuma yawanci babu ma'aikacin ceto a wurin, kai ne.

Babban kuskuren da iyalai ke yi shi ne kowa ya ɗauka wani na kallon yara. Uba na waya, uwa na zuba abinci, yaya na hoto. Yaro in yana nutsewa baya ihu, shiru yake yi, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Mu abin da muke yi, mutum ɗaya ne mai gadi, a tsaye a bakin ruwa, babu waya a hannu, ya saka wata jar hula da muke ajiyewa don haka. In ya gaji ya cire ya saka wa wani a kai. Wanda hula ke kansa ko sallama aka yi masa ya amsa ba tare da ya juyo ba.

Yanzu jarka da igiya. Ka ɗaure igiyar a hannun jarkar, murfi a rufe gam, ka ajiye kusa da mai gadi. In Allah ya kiyaye ruwa ya ja wani, jefa masa jarkar ya rungume ka jawo, kana kwala wa masunta kira. Kar wanda bai iya ruwa sosai ba ya faɗa ceto, haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Wanda ruwa ya ja kuma kar ya yi kokawa da shi yana son dawowa kai tsaye, zai gaji ne kawai, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga jan sannan ya nufo tudu. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce, ka saka a waya, kuma akwai asibitin gundumar Ada East, ka tambayi hanyarsa tun kuna shigowa gari.

Maganar kayan mata. Hajiya, dogon hijabi har ƙasa da zani ba na shiga ruwa ba ne, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafafu, ko a ruwan ƙugu sai su kayar da ke. Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, ƙaramin hijabi da aka cusa cikin wuyan riga, sutura ta samu kuma ƙafa a sake. Babban hijabin ya jira a kan tabarma, kina fitowa ki zura. Wurin canza kaya in babu, mutum biyu su riƙe zannuwa biyu, an yi ɗaki.

Sai tsargiya. Ƙasan Volta an san shi da ita, musamman tun bayan gina madatsar Akosombo a 1965 da ruwan ya daina ambaliyar da yake yi duk shekara, ciyayi suka samu wurin zama, katantanwar da ke ɗauke da cutar ta yawaita. Kusa da teku inda gishiri ke shigowa katantanwar bata jin daɗi, shi ya sa hukumar kogin Volta ta riƙa yashe bakin kogin don ruwan gishiri ya samu shiga. Toh ku tsaya inda ƙasa yashi ne fari kuma ruwan na da ɗan gishiri a baki. Inda ka ga ciyawa a ruwa, ko taɓo, ko can cikin tsibirai inda ruwa ke kwance, kar kowa ya shiga ko da 'yan garin na wanka a ciki.

MATAKI NA 6: ABINCI DA SALLA

Abincin da baya lalacewa da wuri zaka kawo, waakye da shito da dafaffen ƙwai, soyayyen nama, ƙosai, burodi. Abin da aka yi da madara ko salak mai mayonis a bar shi a gida. A can kuma akwai gasasshen karfasa da banku, akwai abolo da ƙananan kifin nan da ake kira one man thousand, akwai adodi, naman ƙumbar kogi da ake tsirewa a tsinke, sana'ar mutanen yankin ce. Ka ce a gasa kifin a gabanka, ka tambaya ko ana gasa wani nama a kan wayar, don ba kowa ne Musulmi ba a nan kuma ba laifinsu ba ne in baka tambaya ba. In ka yi oda ka yi da wuri, girkin bakin ruwa baya sauri. Ranar farko kar ka bar yara su cika ciki da adodi in basu saba ba.

Ruwa kuma a dinga tura musu ko basu nema ba, yaro na cikin ruwa baya jin ƙishi sai ciwon kai ya kama shi. Daga sha biyu zuwa uku kowa ya dawo inuwa.

Alwala da ruwan teku ta halatta, malamai sun yi bayani, amma ɗebo a buta ka koma tudu, kar ka tsuguna a bakin igiya. Alƙibla ba wuya, teku na kudu, in ka sa shi a hannun damanka kana kallon gabas kenan, sai ka ɗan karkata hagu. Maganar kasaru ka tambayi malaminku kafin ku taso, tafiyar dai ta kai nisan.

MATAKI NA 7: IN ZAKU KWANA

Ɗakunan kan yashi yawanci bukkoki ne na ciyawa da katako, wuta ta janareto ko sola, wanka da bokiti. Ka kira tun kafin ku zo, ka tambayi gidan sauro, banɗaki na ciki ne ko na haɗaka, kuma ana kiɗa da dare ko ba a yi. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kuma duhu na rufewa nan take, kafin nan a shafe yara da maganin sauro a saka musu dogayen kaya, akwai wasu ƙananan ƙudaje a yashi da baka ganinsu sai ƙaiƙayi. Bayan magariba babu mai zuwa bakin ruwa.

In zuwanku ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu akwai abin da ya cancanci a hana yara barci, kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, har da irin manyan nan masu baya kamar fata da nauyinsu ke kai ɗaruruwan kilo. Ma'aikatan kula da namun daji suna da ofis a Ada, su ke fita da mutane, ka je ta hannunsu. Babu haska tocila a fuskarta, babu filashin waya, babu taɓawa, a tsaya ta bayanta. Wani daren zaku yi ta tafiya baku ga komai ba, ka faɗa wa yara haka tun farko. In wani ya kawo maka ƙwan ko naman sayarwa kar ka saya, doka ta hana.

MATAKI NA 8: DAWOWA

In wuni ne ku fara tattara kaya ƙarfe uku da rabi, ka kira mai jirgi tun uku. Kana so ku haye kogi da rana a sama, kuma hanyar Aflao da dare manyan motoci ne da fitilu masu kashe ido. Ku kwashe sharar ku a leda ku fito da ita, ledar fiya wata ita kunkurun nan ke haɗiya.

Ka rage ruwa mai kyau jarka ɗaya a mota na ɗauraye jiki, a goge kowa da tawul sosai, gishiri da yashi in suka kwana a matsematsin yaro gobe sai kuka. Hoda na taimakawa wajen cire yashi a ƙafa, ka barbaɗa ka goge ya zube. Ka ƙirga yara kafin shiga jirgi, ka sake ƙirgawa kafin tada mota.

In kun koma gida ka sa ido. Zazzaɓi bayan mako ɗaya ko biyu a je a gwada maleriya, kar a tsaya farasitamol. In kuma bayan wata ɗaya zuwa uku yaro yace fitsari na masa zafi ko ka ga jini a ƙarshensa, kai shi asibiti ka faɗa wa likita kai tsaye cewa kun shiga Volta a Ada, akwai maganin tsargiya, praziquantel, gwargwadon nauyin yaro ake bayarwa, kuma in an samu a jikin ɗaya a gwada duk wanda ya shiga ruwan ranar har kai mai jar hula.